Murfi ya koma kofi

Tunda ka ce na'ura ta duba maka aikinka ta ce babu kuskure, zauna in ba ka misali kafin ka kai shi wurin bugawa.

An yi wata mai aikin fassara, 'yar wani manomin rani, ta yi karatu ta zauna a birni tana mayar da takardun Turanci zuwa Hausa. Wata shekara ƙungiyar manoman garinsu ta samo sabon maganin ƙwarin tattasai, bayaninsa duk da Turanci, shugabanni suka ce ga 'yar gida, me zai sa a kai wa bare? Ta karɓi aikin da murna, ta fassara shi tsaf, har wurin da aka ce a zuba murfi ɗaya na maganin a famfon feshi, a cika da ruwa. Da ta gama sai ta saka rubutun a manhajar duba kurakurai da ke kwamfutarta, wadda kan ja jan layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta gamsu da ita ba. Jan layi ya fito wajen guda arba'in. Ta bi goman farko ɗaya bayan ɗaya, ta ga duk manhajar ce da gaskiya: nan ta manta lanƙwasar harafi, can ta haɗe kalmomi biyu, can waƙafi ya ɓace. Ga mai buga takardu yana ta kira a waya. Sai ta ce a ranta, abin da ya yi daidai sau goma ba zai ɓata a na sha ɗaya ba, ta danna wurin karɓar gyara gaba ɗaya. Shafi ya fito fes, har ta ji daɗin kallonsa, ba ta kuma sake karantawa ba. Ashe manhajar ba ta san kalmar murfi ba. Da manhajar ta laluba rumbun kalmominta, abin da ta ga ya fi kusa shi ne kofi, shi ta saka.

Ranar da aka raba takardun, mahaifinta ya miƙe a cikin taro ya ce wannan rubutun 'yarsa ne. Shi da girmansa ya koyi karatun boko a ajin manya, da yatsa yake bin layi, amma ba ya tsallake harafi. Shi ya fara fesawa. Ya ɗauko kofin da yake shan ruwa da shi a lambu, ya cika shi da magani. Wani maƙwabcinsa ya ce anya wannan bai yi yawa ba? Tsohon ya ce yarinyar nan ba ta rubuta abin da ba ta sani ba. Maƙwabcin ya bi sahu, wasu biyu ma suka bi. Bayan kwana biyu irin tattasan da saura mako guda a dasa shi ya nannaɗe, ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Ranar Asabar mai fassarar ta zo gida ba ta san abin da ake ciki ba, aka ce mata Baba yana fadama. Ta same shi tsugune a bakin fangalin da ya zuba irin, malamin gona da sauran mutum ukun suna tsaye a kansa. Tun kafin ta ƙarasa ta ji yana cewa laifinsa ne, idonsa ya tsufa, shi ya karanta ba daidai ba ya ja mutane. Ta gaishe su, ta roƙe shi takardar. Ba da son ransa ba ya zaro ta daga aljihu. Ta buɗe, ga shi nan ɓaro-ɓaro, kofi ɗaya, ga sunanta a ƙasan shafi. Nan ta gane ya riga ya sani, rufa mata asiri yake yi da furfurarsa. Ta kasa ɗaga ido. Har maganar na'ura ta zo mata baki, sai ta haɗiye, don ba na'ura mutanen nan suka ba amana ba. Da ƙyar ta ce, "Baba bai yi kuskure ba. Abin da ke rubuce ya karanta, ni ce kuma na sa hannu ban duba ba."

Babu wanda ya yi mata faɗa, da an yi ma da ta fi samun sauƙi. Maƙwabcin nan ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya juya ya soma tuge matattun shukokinsa. Mahaifin ya ce, "Uwata, yi maza ki bi sauran takardun kafin wani ya fesa." Kwana biyu ta yi tana bin gida gida da biro, tana soke kofi tana rubuta murfi, a kowace ƙofa kuma sai ta maimaita da bakinta abin da ya faru. Mutum huɗun suka sake zuba iri, tattasansu bai nuna ba sai da zafi ya shigo, bai yi rabin na bara ba. Tsohon bai taɓa tayar mata da zancen ba. Da shekara ta zagayo, ƙungiya ta kai takardarta wurin wani, ita kuma ba ta tambayi dalili ba.

Ba ta jefar da manhajar ba, don tana kama abin da ido ke tsallakewa. Sai dai tun daga ranar, duk gyaran da manhajar ta kawo sai ta auna shi shi kaɗai, sannan ta karanta shafin a bayyane tun daga sama har ƙasa. Ta so rubutu ya yi kyan gani ne ta saki ma'anarsa, irin abin da Hausawa ke gargaɗi a kai: garin neman gira a rasa ido.