Numfashin Bayan Ƙofa

Numfashin fatalwar na fitowa daga bayan ƙofa, ƙaramin siliman ya kaure da ihu. Loretta, wadda ta haɗa sautin fim ɗin, ita kaɗai ta lumshe ido.

Darakta Dwight ya zungure ta. "Ke, kin gama da mu! Wane dodo kika naɗo haka?"

Shekara talatin mijinta Wendell yana bin masu shirya fim a Ohio su sa shi a fim, ko fitowa a matsayin gawa bai samu ba. Makonsa na ƙarshe a duniya, a asibiti, yana kakari, ya riƙo hannunta: "Kunna na'urarki, 'yar tsohuwa. Wataƙila wannan karon su ɗauke ni."

Washegarin nuna fim ɗin ta sayi tikiti ta koma siliman. Nan kaɗai ya rage inda yake numfashi.