Wayar Baba Ta Dawo Gida

Da na ga sunan, sai na sake karanta shi.

Ranar addu'ar arba'in ɗin Baba ce, gidanmu na unguwar Alabar ya cika. Yayata Batulu ta ce, "Walid, kowa ya hau wayfai ɗinmu, canza lambar sirrin nan." Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na iya wannan. Na buɗe jerin wayoyin da ke kai, sai ga "Alhaji Mahama". Sunan Baba ne, ni na saka wa wayarsa shi da hannuna.

A hanyar kasuwar shanu aka tsinci gawar Baba da rauni a ka, babu wayarsa. Waya kuwa ba ta manta lambar gidansu. Da ta matso kusa, da kanta take hawa. Wato wanda ya ɗauke ta yana cikinmu, yana cin shinkafar sadaka.

Na zauna a bakin ƙofa. Mutane na fita ɗaya-ɗaya, sunan na nan. Sai ƙanin Baba, Masahudu, ya fita, wanda ya rantse yana garin Bawku ranar da aka kashe Baba. Sunan ya ɓace.

Na ce a raina dacewa ce kawai, ya Allah ka sa dacewa ce.

Can sai ga shi ya dawo. "Na manta hulata."

Sunan ya dawo.

Ya dafa kafaɗata, ya leƙo. "Ɗana, me kake kallo haka?"