Ɗakin da Maiwada Ya Lulluɓe da Auduga

Buhu na tara Maiwada ke ɗaurewa a jikin bango lokacin da matarsa Lantana ta leƙo ta ce, "Malam, wai audugar bana duk ɗaki ne zai cinye ta?" Bai ko waiwayo ba. Gobe Juma'a, ranar gaisuwar sojoji a rediyo, kuma ya rantse wannan karon sai ya ji muryar ɗansa tangaram.

Ɗan nasa, Ja'afaru, yana cikin sojojin da aka kai Kwango. Wata bakwai ke nan babu wasiƙa. Abu na ƙarshe da ya aiko shi ne akwatin rediyo, na farko a duk ƙauyensu Janfalan. Tukur, ƙanen Maiwada, shi ya ɗauko shi a keke daga tashar Ikara. Ya iso wandonsa sharkaf, akwatin ma yana ɗiga, ya ce gumi ne, Yaya, hanya ba kyau.

Tukur ne ya haɗa komai, don shi ya taɓa zama Zariya. Ya jingina akwatin da bangon gabas, ya huda bangon, ya zura bututun gora, ya ce ta nan wayar sama za ta fita. Dokoki biyu ya kafa. Ba a matsar da akwati ko da taƙi ɗaya. Kuma ba ya magana sai bayan la'asar, sai wani ya tsaya a bayan ɗaki ya riƙe waya. Tukur, bawan Allah, kullum shi ke riƙewa. Maiwada har tausayinsa yake ji, mutum ya sha wahalar abu bai taɓa jin daɗinsa ba.

Kai, rediyo kuwa ya yi rediyo! Mutanen Kaduna ba abin da ba su sani ba. Sun san kuɗin rake a Kudan, sun san jakin wa ya ɓata a kasuwar Makarfi. Wata rana ma aka karanta cewa gwamnati na roƙon yayye su riƙa ba ƙannensu aron keke. Maiwada ya bayar, ai ba a ja da gwamnati. Ran Juma'a kuwa sai a ce ga Ja'afaru daga Kwango, ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya ce yana lafiya. A kan wannan gaisuwar tsohon yake rayuwa daga mako zuwa mako.

Matsala ɗaya ce: muryar tana amo, gum-gum-gum, kamar mai magana daga cikin randa. Kalmomi dai yana kamawa, amma muryar ɗansa da ya sani, mai ɗan kaushin nan, ba ta fitowa. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ya taka har Makarfi wajen Malam Iliyasu, malamin firamare wanda ya taɓa shiga gidan rediyo da ƙafarsa. Malamin ya ce laifin ɗaki ne. Rufin kwano da bangon siminti suna maido da sauti, shi ya sa can Kaduna suke lulluɓe bango da abu mai taushi ya shanye amsa-kuwwa.

Shi ke nan, an taɓo Maiwada. Tabarmin gidan kaf suka hau bango. Katifar rimi ta koma saman rufi. Zannuwan Lantana na biki suka rufe taga, ta yi kwana uku ba ta ce masa ci kanka ba. Da bai ga canji ba ya hana a kai audugar gona kasuwa, ya shiga jera buhuna. Ɗaki ya matse har sai a kaikaice ake shiga. Kaza ta samu wuri ta yi ƙwai shida a buhu na huɗu, ya ce a bar ta, gashinta ma taushi ne. In ka yi tari a ɗakin nan, wallahi kai kanka sai ka yi shakka ko ka yi.

Amma muryar cikin randar nan tana nan.

Tukur ya yi ta magiya. "Yaya, don Allah a bar bangon gabas haka. Iska yake so." Da ƙyar maganar ke fita, muryarsa ta dishe. Maiwada ya ce lallai murar bana ba ta bar kowa ba, don jiya mai karanta labarai ma da ƙyar ya kai ƙarshe.

Juma'a ta zo. Aka sauko daga masallaci, aka yi la'asar, Tukur ya zaga riƙon waya. Maiwada ya zauna yana ƙare wa ɗakin kallo, yana neman inda ya rage. Can idonsa ya faɗa kan bututun goran nan a bayan akwati. A'aha! Ga ɓarawon! Rami fayau, ba abin da ya rufe shi. Ya yagi auduga cike da hannu ya cusa, ya danna da sanda, ya ƙara. Ya koma ya zauna ya gyara hula.

Shiru.

Ya murɗa nan, ya murɗa can. Shiru. Lokacin gaisuwa yana wucewa, Ja'afaru na can yana magana shi kuwa ba ya ji! Hankalinsa ya tashi. Ya kutsa ta tsakanin buhuna, kaza ta yi fiffika, ya fita ba takalmi ya zaga bayan ɗaki, abin da bai taɓa yi ba, don ya ce wa Tukur ya ɗaga wayar sama.

Babu waya. Tukur na durƙushe, ya cusa kansa cikin wata tsohuwar randa da bututun gora ya shiga gindinta, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana ƙwalawa da ragowar muryarsa: "Baba, ni ne Ja'afaru daga Kwango, kada ka damu, ina nan lafiya lau."