Maƙeri da Wutar Kufai

Kawu Sallau ya tambayi ɗan ƙanwarsa, malamin kimiyya, yadda aka yi zafin farkon sararin samaniya, duk tsananinsa, bai ƙera komai ba sai sinadarai marasa nauyi. Malamin ya ce, "Kawu, bari in buga maka misali."

Wani maƙeri ne garmarsa ta ɓata ana gab da damina, rumbu wayam, ƙarfen da ya rage masa kuwa ɓarɓashi ne cikin ƙwarya. Rannan da rana tsaka, lokacin da mai hankali ba ya ratsa kufai, ya tarar da wuta a can. Ba gawayi, ba zugazugi, ba hayaƙi, ko ƙara ba ta yi. Ba ta da tsakiya balle gefe, duk inda ya juya zafin ɗaya ne, ya duba ƙasa bai ga inuwarsa ba. Yunwa ta fi tsoro ƙarfi, sai ya zuba ɓarɓashin. Duk ƙwaya biyun da suka manne, zafi ya raba su nan take. Can wutar ta ɗan lafa, ƙarfe ya fara kama ɗan'uwansa, bibbiyu, sannan hurhuɗu. Gogan naka har ya fara hango dawar bana. Ya haɗa huɗu da huɗu, suka ƙi zama. Kafin ya sake dabara wutar ta ɗauke, kamar mai ita ya zo ya karɓi abarsa.

Rubu'in ƙarfen kaɗai ya haɗu, shi ma ko allura ba zai yi ba. Ya hura, ya yi magiya, shiru. Damina ta zo ta wuce gonarsa ba huɗa, baƙin ciki ya kwantar da shi. Har yau jikokinsa in sun auna ƙwaryar rubu'in nan suke samu, in sun dafa ƙasar kufan kuma sukan ji ɗumi-ɗumi, daidai yake ko'ina.

"Haka abin ya kasance, Kawu. Mintoci kaɗan tukunyar sararin samaniya ta yi tana dahuwa, ta bar sinadaran nan marasa nauyi, kashi uku haidurojin, rubu'i hiliyam, ta huce. Ƙarfen garmarka sai daga baya taurari suka dafa shi. Wancan rabon kuwa yana nan kusan yadda aka bar shi. Hausawa sun ce, tun ran gini, tun ran zane."