Muryar Uwani a Kan Komai

Tun da aka fito da tawadar nan mai magana, wadda ke karanto rubutu da muryar mai shi da zarar an taɓa, Malam Isuhu Ƙaura ya daina jin daɗin shiga kasuwar Gusau. Shi waƙa kaɗai yake rubutawa. Uwani Tsafe kuwa, wadda suka yi aji ɗaya, ba abin da ba ta rubutawa, kuma ba wanda ya kai shi bin rubutunta, wai yana neman kuskure.

Ran nan ya fita sayo wa matarsa maganin tari. Yana taɓa kwalin, sai ga muryar Uwani a natse tana bayanin yadda ake sha. A gefensa wata yarinya ta buɗe littafin tatsuniya, nan ma muryar Uwani ce, tana kwaikwayon kukan kura.

"Baba, ka san ta?" in ji mai kemis. "Wasan rediyon nan na yamma ma ita ke rubutawa."

"Mai tallar magani ce kawai," Isuhu ya ce, ya fizgi ledarsa.

Da ya koma gida ya rantse yau sai ya rubuta abin da ya fi ƙarfinta. Ya zauna a zaure ya tsara baitocin da bai taɓa yin kamarsu ba, sannan ya ƙwala wa matarsa kira.

"Asabe, zo ki ji mijinki!"

Ta ɗora yatsa a takardar. Muryar Uwani ta fito.

Asabe ta saurara har ƙarshe, ta jinjina kai. "Kai, matar nan ta iya. To, Malam, ina naka?"