Mundayen Kyauta

Akwai wani aljihun kabad a kicin ɗin Darlene Pruitt da ba ya rufuwa saboda mundayen roba. Ja, shuɗi, ruwan hoda, kowace da sunan wani ɗan gidan a jikinta. Tun da ta yi ritaya daga dafa abinci a wata firamare ta garin Lakeland a Amurka, ba abin da take so kamar ta kwashi iyali su tafi babban wurin shaƙatawar nan na kusa da Orlando. Munduwar ita ce tikitin shiga, da ita ake buɗe ɗakin otal, da ita ake sayen abinci.

Duk sanda ta kama masauki ta waya, sai an tambaye ta ko tana son sababbin mundaye, ko kuwa tsofaffin sun ishe ta, tunda suna shekaru suna aiki. Ba ta taɓa cewa sun isa ba.

'Yarta Renata ta sha yi mata magana. "Mama, hannu nawa gare mu a gidan nan? Na bara ma ko kwalinsu ba ki buɗe ba."

"Kyauta ce fa," in ji Darlene. "Su ba su gaji da bayarwa ba, ni ce zan gaji da karɓa?"

Mijinta Wendell yakan ce a ƙyale ta, shago za ta buɗe. A yi dariya, maganar ta wuce.

Wata Asabar da safe Renata ta kawo mata 'yarta Josie, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta tafi aiki. Yarinya ce mai surutu, kwanan nan bakinta ya buɗe, komai ta gani sai ta kira sunansa. Darlene tana soya kaza, Josie na ta jan siket ɗinta, sai ta zaro aljihun nan ta juye mata mundayen a ƙasa don ta samu ta yi aikinta. Karen gidan ya zo ya ɗauki wata tsohuwa ya tattaune ta. Darlene ta kore shi, ta share ɓaraguzan ta zuba a shara. Ba ta san cewa a cikin kowace munduwa akwai ɗan batir mai faɗin maɓallin riga ba, balle ta lura babu shi a abin da ta share.

Da rana Josie ta ƙi abinci, yawu na ta dalala. Darlene ta ce haƙori ne, haka Renata ma ta yi tana ƙarama. Ranar Lahadi zazzaɓi ya rufe ta da tari, aka ba ta maganin mura. Litinin da safe ta yi aman jini.

A asibitin yara da ke Tampa wata likita ta nuna wa Renata da Darlene hoton ƙirjin yarinyar. Ga wani ɗan abu zagayayye ya maƙale a maƙogwaro. Ta ce batir ne, kuma irinsa yana fara ƙona nama cikin 'yan sa'o'i. Ta tambayi inda yarinyar ta same shi. Renata ta yi ta lissafo abubuwan gidanta, makullin mota, abin sauya tashar talabijin, ma'aunin zafi, babu wanda ya buɗe. Darlene tana tsaye ta jingina da bango. Sai ta tambayi likita.

"Akwai batir a cikin mundayen nan?"

Likita ta ce akwai. Renata ta juyo ta dubi uwarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma yi kuka ba.

"Mama, je ki gida," ta ce. "Zan kira ki."

An ciro batirin, Josie ta rayu. Amma ya riga ya huda hanyar abinci ya taɓa ta numfashi. Yanzu ta wani bututu a wuya take shaƙar iska, ta wani a ciki ake ba ta abinci. Likitoci sun ce akwai sauran tiyata a gaba, kuma ba za su yi alkawarin muryarta za ta dawo ba. Renata ta bar aiki don jinya. Tana kawo yarinyar gidan iyayenta, amma ba ta ƙara barin ta a can ita kaɗai ba, Darlene kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Bayan wasu makonni Wendell ya kai Darlene wurin da ƙaramar hukuma ke karɓar tsofaffin batira. Ta miƙa jakar da ta zubo mundayen a ciki, ma'aikacin ya juye a wata ganga da ta kusa cika da irin mundayen nan, da yawansu ko sau ɗaya ba a saka ba. Ya ce waɗannan na masu kawowa ne, galibin mutane a shara suke zubawa. Darlene ta daɗe tana kallon gangar. Da suka koma mota Wendell bai tayar da motar ba, ya bar ta ta yi kukanta har ta gama.

Mai karatu, abin da ba ka buƙata kada ka karɓa don kawai kyauta ne. In kana da mai aiki, ce a bar sabon. Tarkacen da muke tarawa ba bola kaɗai yake cikawa ba, wani lokaci a cikin gidanmu yake fara ɓarna, a kan wanda muka fi so.