Kwamfutar Bayan Kwalaye

Wayar ce a hannunta na hagu, makullan sito a na dama, ga kuma mai kamfanin yana biye da ita yana faɗa. Kuɗin wuta da na intanet sun yi tashin gwauron zabi, ya ce ko dai ta gano ɓarawon a yau, ko ta ajiye masa kujerar manaja.

Ita kuwa hankalinta yana asibiti. Autarta mai sikila na kwance tun safe, ƙanwarta na jinya, likita ya ce jini ake nema kafin yamma, irin mai wuyar samun nan. Ta riga ta rubuta cigiya a dandalinsu na iyayen masu sikila, ɗan ƙaramin zaure na intanet da su da kansu suke riƙe da shi, babu kamfani, babu talla. A can Uwar Auta ake kiranta.

Riƙewar dai ta baki ce. Karo-karon wata-wata kowa sai ya ce gobe, har da ita. Kawu, mai kula da dandalin, wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ya yi ta roƙo har ya gaji. Da kuɗin hayar na'urar da ke ɗauke da dandalin ya gagara, sai ya rubuta cewa ya samo musu wurin raɓewa, a dai yi ta addu'a. Aka zuba masa "Allah ya saka", aka ci gaba da hira.

Wayar ta motsa. Wani ya amsa: jininsa irin na yarinyar ne, yana kusa, bari ya turo lambarsa. Ta ƙura wa wayar ido. Wayyo Allah, ka turo mana!

A ƙarshen sito, bayan kwalayen sabulu, suka ji ƙugi. Wata tsohuwar kwamfuta ce a bisa wani teburi, ba allo, an ɗaure murfinta da roba, ƴar fanka na hura mata iska kamar mai zazzaɓi. Igiyoyinta sun bi bango har cikin ofis.

Mai kula da siton, dattijon da gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ya taso da sauri.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni zuwa yamma. Don Allah zuwa yamma kawai."

"Kai ne ashe? Da furfurarka!" in ji mai kamfanin.

"Ki bari in yi miki bayani, akwai wadda..."

"Baba, ba ni da lokacin bayani," ta ce, idonta na kan waya. Mai jinin yana kan rubutu. Haushi ya turnuƙe ta: ƴarta na can tsakanin rai da mutuwa, an tsayar da ita a kan tarkacen wani.

Dattijon ya sha gabanta. Ta ture hannunsa, ta damƙi igiyoyin gaba ɗaya ta fizga. Kwamfutar ta biyo su, ta daki siminti, cikinta ya watse. Ƙugin ya ɗauke.

Ta koma kan wayarta. Shafin ya yi fari. Ta sake dannawa, ta ɗaga ta sama, ta matsa bakin ƙofa, babu komai.

Dattijon ya durƙusa yana tattara gutsattsarin, ko kallonta bai yi ba.

"Ni ku yi min duk abin da za ku yi," ya ce. "Amma akwai wata baiwar Allah, Uwar Auta, yanzun nan ake turo mata lambar mai jini ta cikin wannan."